Neman shawara: Jaji gari ne da mutum zai kafa kansa a cikinsa, ko kuwa zango ne?

Abu Safwan:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa, musamman waɗanda suka zauna a Jaji ko suke da hulɗa da ita. Ni tela ne, ina ɗinki a Zariya, kuma Allah Ya hore mini ɗan abin da na tara wanda nake son in sa shi a wurin da zai amfane ni da iyalina. Wani ɗan'uwan mahaifiyata da ke harkar kayan masarufi a can ya daɗe yana jan hankalina da in komo Jaji, in kama shago a kasuwar mami, wato kasuwar cikin barikin soja, in kuma sayi fuloti a ɗaya daga cikin unguwannin da ke kewaye da bariki tun kafin farashi ya fi ƙarfina. Hujjarsa ita ce soja ba ya rabuwa da tela, domin ko an ba shi kaki sabo fil sai an rage masa shi, an ɗinka masa suna da alamar muƙami, sa'an nan ga matansu da 'ya'yansu da suke ɗinkin salla da na biki kamar kowa.

Maganarsa ta shige ni, amma akwai abin da ya hana ni yanke shawara. Duk lokacin da na bi hanyar Kaduna na wuce ta Jaji, abin da nake gani shi ne garin gaba ɗaya ya jingina da katangar soja: masu shayi, masu faci, 'yan acaɓa, masu gidajen haya, kowa fuskarsa tana kallon ƙofar bariki. Tambayata ita ce, mutumin da ba soja ba ne, ba kuma ɗan soja ba, zai iya kafa kansa a irin wannan wuri har ya ce nan ne gidansa, ya bar wa 'ya'yansa gado? Ko kuwa wuri ne da ake ci a tashi? Ina kuma son sanin gaskiyar maganar filaye, domin na sha jin cewa akwai taƙaddama tsakanin sojoji da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su. Batun tarbiyyar yara shi ma yana damuna, saboda kowa ya san abin da mutanenmu suke nufi idan suka ce wane ɗan bariki ne. Allah Ya saka wa duk wanda ya ba ni haske da alheri.

Mai Shago Jaji:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Safwan. Ni ɗan kasuwa ne a nan, don haka zan tsaya a kan abin da ya shafi ciniki.

Ɗan'uwanka bai yi maka ƙarya ba game da aiki. Jaji ba ƙaramin bariki ba ne da bataliya ɗaya take zaune a ciki. A nan Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi take, a nan cibiyar sojojin ƙasa masu yaƙi a ƙafa da makarantarsu suke, a nan kuma ake horar da dakarun da za a tura aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasashen waje, a cibiyar da aka sa wa sunan Janar Martin Luther Agwai. Ma'anar wannan a wurin ɗan kasuwa ita ce baƙi ba sa yankewa. Wani kwas yana ƙarewa wani yana farawa, kuma duk wanda ya zo kwas sai ya nemi bokiti, da gidan sauro, da katifa, da wanda zai wanke masa kaya ya goge, da wanda zai gyara masa kaki kafin ranar fareti. Telan da ya iya zaunar da aljihu da kafaɗa daidai yadda doka ta tanada, ya kuma san inda ake kafa tauraro da inda ake kafa igiya, ba zai rasa abin yi ba. Na ga telolin da a makon yaye ɗalibai suke kwana a kan keke da fitilar caji, kaki jibge a gefensu, kowanne an maƙala masa 'yar takarda mai sunan mai shi da allura.

Sai dai akwai abubuwa da ya kamata ka shigo da saninsu. Kasuwar nan da albashi take numfashi. Daga ranar da kuɗi suka shiga asusun sojoji zuwa kamar kwana goma, ba za ka sami lokacin cin abinci ba. Daga tsakiyar wata kuwa sai littafin bashi, kuma babu mai shagon da zai ce maka ba shi da wannan littafi. Mafi yawan sojoji suna biya, musamman masu iyali da suka daɗe a wurin, domin su ma suna jin kunyar a kai ƙararsu gaban samanja. Matsalar tana wajen wanda aka yi wa canjin wurin aiki ba zato, ko aka kwashe su cikin dare zuwa Arewa maso Gabas. Akwai wani kofur da ya bar mini bashin buhun shinkafa da man gyaɗa, ban sake ganinsa ba, daga baya na ji cewa ya rasu a bakin daga, na yafe. Irin wannan asara dole ka sa ta cikin lissafinka tun farko.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci, shagon kasuwar mami ba naka ba ne. Ƙasar ta soja ce, izini ake ba ka, kuma wanda ya ba da izini yana iya janye shi. Idan sabon kwamanda ya zo da tsarinsa, yana iya sauya lokacin rufe kasuwa, ko ya hana sayar da wani abu, ko ya ce a sake tantance kowa a ba shi sabon katin shiga. Ba zalunci nake nufi ba, wurinsu ne, kuma tsaro suke dubawa. Amma mutumin da ya saba da kasuwar Sabon Gari, inda shago yake wucewa daga uba zuwa ɗa, dole ya san cewa nan ba haka abin yake ba. Shawarata ita ce ka kama shago a ciki don aikin kaki, amma kada ka zuba jarinka duka a can. Ka sami wani ɗan wuri a bakin titi inda za ka riƙa ɗinkin mutanen gari da na ƙauyukan Birnin Yero da kewaye, domin su ba a yi musu canjin wurin aiki.

Tsohon Samanja:

Salamu alaikum. Ɗana Abu Safwan, na yi aikin soja har na yi ritaya, kuma wani yanki mai tsawo na aikina a Jaji na yi shi, a nan kuma na gina gidan da nake zaune a ciki yanzu. Saboda haka amsata ga tambayarka ta farko ita ce e, ana kafa kai a Jaji, kuma da yawa daga cikin masu gidajen da kake gani a wajen katanga tsofaffin sojoji ne irina, daga Binuwai, da Filato, da Borno, da ƙasar Yarabawa, waɗanda suka karɓi kuɗin sallama suka ga ba su da wani gari da ya fi musu nan.

Ina so ka fahimci girman abin da ke bayan katangar, domin shi ne zai nuna maka ko zai tashi gobe ko ba zai tashi ba. An buɗe kwalejin hafsoshin nan a 1976, da taimakon sojojin Ingila, saboda bayan yaƙin basasa rundunar ta kumbura ƙwarai, kuma ba zai yiwu a ci gaba da tura kowane manjo ƙasar waje ya koyo aikin jagoranci ba. Da farko ta sojan ƙasa ce kaɗai, sai sojan sama suka shigo a 1978, sojan ruwa kuma a 1981. Tun daga lokacin, da wuya ka sami babban hafsa a ƙasar nan da bai kwana a Jaji ba, ko yana kyaftin a ƙaramin kwas, ko yana manjo a babban kwas, kuma ƙasashen Afirka da dama suna turo nasu. Wurin da aka kashe wa wannan dukiya, ga azuzuwa, ga gidaje, ga dajin atisaye da filin harbi, ba a ɗauke shi a rana ɗaya.

Amma tunda ka nemi gaskiya, zama kusa da soja yana nufin duk abin da ya same su ya same ka. Ranar 26 ga Satumba 1992 jirgin sojan sama samfurin C-130 ya tashi daga Legas zai zo Kaduna, ya faɗi a fadamar Ejigbo 'yan mintoci bayan tashinsa, mutum fiye da 150 suka rasu, kuma akasarinsu ɗaliban babban kwas ne na wannan kwaleji. Wanda bai ga Jaji a wannan mako ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Layi guda na gidajen hafsoshi, kusan kowace ƙofa akwai matar da ta zama gwauruwa a dare ɗaya. Masu wanki, da masu aikin gida, da masu kai yara makaranta, duk sun rasa iyayen gidansu tare, kuma bayan 'yan watanni iyalan suka kwashe kaya suka bar gidajen.

Na biyu shi ne ranar Lahadi 25 ga Nuwamba 2012, lokacin da 'yan ƙunar baƙin wake suka shigo da motoci biyu suka tayar da bam a cocin Saint Andrew da ke cikin bariki. Hukumar soja ta ce mutum 11 ne suka mutu, wasu da dama suka ji rauni, kuma an sauke manyan kwamandoji a kan lamarin. Daga wannan rana zaman Jaji ya canza. Kafin nan mutanen ƙauye suna ratsa bariki da kekunansu da dabbobinsu kamar hanyar gona, mai tallan nono tana shiga har ƙofar gidan kanar. Bayan harin sai bincike a ƙofa, da katin shaida, da maganar kewaye wurin gaba ɗaya da shinge. Ni a matsayina na soja ban ga laifin wannan ba, domin barikin da kowa zai ratsa ta ko'ina ba bariki ba ne. Na san dai talakawa sun ji a jikinsu.

Kada kuma ka zo da tunanin cewa kusanci da bariki katanga ce daga 'yan bindiga. A cikin wannan ƙaramar hukuma ta Igabi aka sace ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji da ke Afaka a watan Maris 2021, wurin da ke dab da makarantar horar da hafsoshi ta NDA, sa'an nan a watan Agusta na shekarar aka shiga NDA ɗin kanta aka kashe hafsoshi biyu. Cikin garin Jaji ya fi ƙauyukan nesa kwanciyar hankali, wannan gaskiya ne, amma sojan da ke kwas karatu ya zo yi, ba gadin unguwarka aka turo shi ba.

Malamin Tarihi:

Assalamu alaikum. Ina girmama bayanin Baba Samanja, kuma na yarda da shi cewa babu alamar za a ɗauke Jaji nan kusa. Duk da haka ina so Malam Abu Safwan ya san labarin Zungeru, domin a ƙasar nan an taɓa yin garin da soja suka raya, suka kuma tafi suka bar shi. A 1902 Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya mayar da hedikwatar mulkin Arewa daga Jebba zuwa Zungeru, ya zaunar da dakarunsa a can, aka gina ofisoshi da gidaje da kurkuku, ma'aikata da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina, har ma a can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904 lokacin da mahaifinsa yake aikin akawu. Da Turawa suka ga Kaduna ta fi musu dacewa, sai suka kwashe sojoji da ofisoshi, zuwa 1917 komai ya koma can. Hatta 'yar gadar ƙarfen da Lugga ya kafa a Zungeru an cire ta an kawo Kaduna, tana nan a lambun Gamji. Waɗanda suka rage a garin su ne masu gona, da masu kamun kifi, da ma'aikatan jirgin ƙasa, wato waɗanda abincinsu bai rataya a kan albashin soja ba. Ba ina cewa haka za ta faru da Jaji ba ne. Ina cewa ne shawarar da ta kafa irin wannan gari a wani ofis mai nisa aka yanke ta, kuma mazauna garin ba su da ƙuri'a a cikinta.

Maganar fili kuwa, a nan ne nake roƙonka ka yi taka-tsantsan ƙwarai, domin a nan mutane suke asarar abin da suka tara tsawon rayuwarsu. Taƙaddamar da ka ji gaskiya ce, ta daɗe, ta kai gaban kotu da gaban gwamnatin jiha, kuma ta ƙara zafi ne lokacin da aka tashi kewaye bariki. Tushenta a fili yake. Sojoji suna cewa gwamnati ta mallaka musu yanki mai faɗi tun da daɗewa, suna da taswira, kuma suna buƙatar dajin saboda atisaye da harbi da harsashi mai rai. Mutanen ƙauyukan suna cewa kakanninsu suna nan tun kafin a kafa tubalin farko, ga kushewunsu ga itatuwansu, kuma ba su yarda an biya su diyyar da ta dace ba. Shekarun da babu shinge sun sa kowane ɓangare yana ganin wurin nasa ne, mutane suka yi ta noma da gini, masu unguwanni suka yi ta sa hannu a takardun ciniki.

Ga abin da doka ta ce, kuma shi ne ya shafe ka. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, ban da wadda take hannun gwamnatin tarayya da hukumominta, kuma gwamnati tana da ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a. Idan ta karɓa, diyyar da take biya ta gini ce da amfanin gona da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Idan kuwa ya tabbata cewa ka yi gini ne a cikin filin da aka riga aka mallaka wa soja, to takardar da mai unguwa ya sa wa hannu ba za ta cece ka ba. Saboda haka kada arha ta ruɗe ka da filin awon igiya. Ka ɗauki safiyo ya fitar maka da lambobin wurin, ka kai su hukumar KADGIS mai kula da rajistar filaye a Kaduna a duba maka ko filin yana cikin yankin da gwamnati ta killace, kafin ka ba kowa ko sisin kwabo. Idan mai sayarwa ya ce maka babu buƙatar wannan, ko ya ce akwai wani mai saye da ke jira gobe, ka bar masa filinsa.

Maman Hafsa:

Salamu alaikum. Ni a bariki aka haife ni, mahaifina soja ne, kuma a Jaji na yi firamare da sakandare, don haka batun tarbiyya da Malam ya kawo ya taɓa ni, zan kuma amsa shi ba tare da ɓoye komai ba.

Abin da ake faɗa a kan 'ya'yan bariki akwai gaskiya a ciki, akwai kuma rashin adalci mai yawa. Gaskiyar ita ce a wasu sassan kasuwar mami ana sayar da giya, dare yana yi kiɗa yana tashi, kuma yaron da aka sake shi yana yawo zai ga abin da bai kamata ya gani ba. Haka nan uba yana iya yin wata da watanni a bakin daga, uwa ita kaɗai take fama da yara. Amma ban taɓa zama a wurin da ake sa ido a kan ɗan maƙwabci kamar layin da na tashi ba. Muna da magajiya, wadda ita ce shugabar matan layi, tana duba tsabtar gidaje da magudanan ruwa, tana sasanta rigima, kuma idan yaro ya gagara maganar tana iya kaiwa har ofis a kira ubansa. Ɗakinmu yana tsakanin na wata Batibiya da na wata Bayarabiya. Ranar da mahaifiyata ta haihu babanmu yana Laberiya, su biyun ne suka kai ta asibiti, suka yi mata ruwan wanka har aka yi suna. Da azumi su suke taya mu jajjage, da Kirsimeti kuma mu muke taya su suya. Hausar da muke yi a layi ta barikanci ce, dangin babanmu suna yi mana dariya idan mun je gida hutu, amma da ita muka san mutane, kuma babu ɗayanmu da ya tashi yana tsoron wanda ba addininsu ɗaya ba.

Ta fuskar karatu, makarantun da ke ƙarƙashin soja suna karɓar 'ya'yan farar hula, ko da yake kuɗin da za ka biya ya fi na ɗan soja, kuma gurbi yana wuya. Akwai Islamiyyu a ciki da waje. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne 'ya'yanka mata idan sun girma, domin samarin da suke zuwa kwas na wata uku ko shida suna da kuɗi a hannu da kaki mai kyau, kuma wasunsu suna da iyali a wani gari. Duk wanda ya zo neman aure, a bincika shi ta wurin rundunarsa da garinsu, kada a tsaya ga abin da ya faɗa da bakinsa. An yi aure masu albarka da yawa ta wannan hanya, nawa ma haka ne, amma an bar mata da yawa da goyo babu adireshi.

Abu Safwan:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba Samanja, Allah Ya ƙara girma, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Hajiya Maman Hafsa, bayaninki ya gyara mini fahimta a kan abin da nake ji daga nesa, kuma zan karanta wa maiɗakina shi.

Abin da na tsayar shi ne zan fara zuwa ni kaɗai bayan salla, in kama haya, in nemi shago ta hannun ɗan'uwan nawa, in bar shagon Zariya a hannun yarona har in ga yadda shekara guda za ta kasance. Fili kuwa ba zan saya ba sai na bi hanyar da Malamin Tarihi ya nuna. Saura tambaya ɗaya ga Mai Shago: wajen neman izinin shago a kasuwar mami, dole ne sai wani soja ya tsaya wa mutum, ko takardar mai unguwa da ta ƙungiyar 'yan kasuwa sun wadatar? Idan kuma ana sabunta izinin ne duk shekara, ina son sanin watan da aka saba yi, domin in daidaita zuwana da shi.